Ba a yi wa kokwambar teku adalci ba

Wani marubuci ya ce akuyar dutse ta fi kokwambar teku (wata halittar teku mai siffar kokwamba) dabarar rayuwa saboda ita tana hawa tsaunuka, waccan kuma tana kwance a ƙasan ruwa kamar gungume. Ban yarda ba. E, kofaton akuyar dutse abin mamaki ne, gefensa da tauri, cikinsa da laushi mai riƙe dutse, har akwai irin da ke hawa bangon madatsar ruwan Cingino a Italiya don lasar gishiri. Amma idan ta zame shi ke nan. Ita kuwa kokwambar teku, da ba ta da ƙwaƙwalwa ma, wasu nau'o'inta idan maƙiyi ya matsa musu sai su amayar da kayan cikinsu, bayan 'yan makonni sababbi su sake fitowa. Ta dubura take numfashi, tana cin yashi tana tace ƙazantar ƙasan teku. Ga mai cewa tsiro ce, a'a, dabba ce, 'yar uwar tauraron teku, wata dabbar ruwa mai siffar tauraro. To da wane ma'auni aka auna su, gudu ko tsira da rai?