Barewa: Fenti Ba Zai Dawo Da Martabar Makaranta Ba

Da an ambaci Kwalejin Barewa ta Zariya, abin da ke fara fitowa daga bakin mutane shi ne jerin sunaye: Tafawa Ɓalewa, Gowon, Murtala, Shagari, 'Yar'aduwa. Mutum biyar ke nan da suka riƙe ragamar Najeriya, ga kuma Sardauna. Jerin gaskiya ne, ba wanda ya isa ya musanta. Sai dai yawan nanata shi ya sa mun daina tambayar abin da aka yi a cikin makarantar har ta fitar da irin waɗannan mutane.

A Katsina aka kafa ta a 1921, zamanin Gwamna Hugh Clifford, kuma ba don ta yaye shugabannin ƙasa ba. Malaman makaranta ake nema. Da Ahmadu Bello ya gama a 1931, Midil ta Sakkwato ya koma ya riƙe alli. Abubakar Tafawa Ɓalewa ma da ya gama a 1933, aji ya shiga a Bauchi. Haka Malam Aminu Kano, haka Shehu Shagari, duk da alli suka fara neman abinci. An mayar da makarantar Kaduna a 1938, aka kai ta Zariya a 1949, sunan Barewa kuwa sai a 1971 ta same shi.

Kada mu yaudari kanmu game da niyyar Turawa. Sun so 'yan ƙalilan ne waɗanda za su riƙe musu makarantu da ofisoshin En'e, ba tare da an taɓa sarauta ba. Ba a yi maganar 'ya'ya mata ba ma sam. Amma cikin wannan ƙunci sun yi abu ɗaya da ya fi ƙarfin niyyarsu: sun tattaro yara daga kowane lardi, Borno da Ilorin da Adamawa da Sakkwato, suka zuba su ɗakin kwana ɗaya. Yaron da bai taɓa wuce kasuwar garinsu ba sai ga shi yana layin karɓar abinci bayan Babarbare, gadonsa kusa da na Banufe, da yamma su haɗu a filin wasan fives na buga ƙwallo a bango da hannu, wasan da Sardauna bai bari ba har bayan ya zama Firimiya.

A nan halin makarantar yake. Gowon Kirista ne ɗan Angas da ya tashi a Wusasa, Murtala kuwa Bakano ne, makaranta ɗaya ta rene su. Sardauna da Aminu Kano sun yi shekaru suna gwabzawa, wannan a jam'iyyar NPC, wancan a NEPU, amma tushen karatunsu ɗaya. Ko sunayen gidajen kwanan ɗalibai sun isa shaida: ga gidan Lugga da na Clifford da na Baturen nan Ɗan Hausa, ga na Bello Kagara da Nagwamatse da Sulaiman Barau. Bature mai mulki da malamin gida suna maƙwabtaka, yaro yana kwana tsakaninsu. Makarantar ba ta fitar da mutane masu ra'ayi ɗaya ba, ta fitar da mutanen da suka san juna tun suna sa gajeren wando.

Wannan shi ne abin da ya fara zubewa bayan an yanka Arewa jihohi a 1967, aka kuma ci gaba da yankawa. Makarantar da aka gina wa yanki guda yau tana hannun gwamnatin Jihar Kaduna. Ba laifin Kaduna ba ne. Kowane gwamna da kasafin jiharsa yake aiki, kuma masu zaɓensa ne za su tambaye shi. Haka lamarin yake ga Rumfa a Kano da Kwalejin Gwamnati ta Keffi da ta Bida. Kowace ta koma 'yar gida.

Tsofaffin ɗalibai, ta ƙungiyarsu ta BOBA, suna ƙoƙari, kuma an ga taronsu lokacin cikar makarantar shekara 100 a 2021. Amma taimakon tsofaffin ɗalibai a ƙasar nan kusan kullum fuska ɗaya gare shi: a gyara rufi, a shafa fenti, a manna allo mai sunan 'yan aji kaza. Gini ana ganinsa, ana ɗaukar hotonsa. Albashin malamin Fiziks ba ya fitowa a hoto. Kuma tambayar da ba a son ji a wajen irin wannan walima ita ce: cikin manyan da ke zaune a kujerun gaba, nawa ne 'ya'yansu ko jikokinsu ke kwana a makarantar gwamnati? Ranar da ɗan kwamishina ya koma cin tuwon makarantar kwana, ba sai an kafa kwamiti kafin miya ta gyaru ba.

Na san abin da za a ce. Zamani ya canja, yara sun yi yawa, kuma kashe kuɗi mai tsoka kan makaranta ɗaya alhali firamaren ƙauye ba ta da benci zalunci ne. Ga tsoro kuma: tun satar ɗalibai a Ƙanƙara a 2020, da Kagara da Jangebe a 2021, uba ba ya tura ɗansa makarantar kwana mai nisa da kwanciyar rai. Hujjoji ne masu nauyi. Amma rashin makarantar gwamnati ta ƙwarai ba ya hana a samu 'yan gata; yana dai tabbatar da cewa kuɗin uba ne kaɗai zai zaɓe su. Ɗan talaka mai kaifin ƙwaƙwalwa shi ne ya yi asara, don ɗan mai hali yana da inda za shi.

Saboda haka in gwamnonin jihohin Arewa 19 da gaske suke, su ɗauki Barewa a matsayin amanar da suka gada tare. Kowace jiha ta turo yaranta ta hanyar jarrabawa, ba da takardar wani babba ba, ta kuma biya kuɗin abincinsu da tsaronsu a kan kari. Gudummawar tsofaffin ɗalibai kuma a karkata kaso mafi girma zuwa gidajen malamai da alawus ɗinsu, yadda malamin da ya iya aikinsa ba zai gudu makarantar kuɗi ba bayan zango biyu.