Wai a Maradi mai mota ne kullum mai laihi?

Ni dai na gaji wallahi, sau ukku ke nan cikin wata guda! Ina tsaye cak bakin babbar kasuwa, ko motsi ban yi ba, ɗan kabu-kabu ya taho a guje yana waya, buhun gero gaba, fasinja biyu baya, ya zo ya rungumi bayan motata, amma kafin in buɗe ƙofa mutane sun cika wurin kamar ana rabon sadaka, kowa ya zama alƙali, har mai saida rake ya yanke hukunci. "Alhaji a yi haƙuri, ƙaddara ce, kai ne babba." To ƙaddarar nan ni kaɗai ta sani? Shi ba permi, ba asiransi, birki ma sai da takalmi yake kama shi, ni da nake biyan asiransi duk shekara ni ne zan kai shi likita, in sayi magani, in gyara babur, in koma garaji in zube jika ashirin na fitila! Ka ce a jira 'yan sanda su yi konsta, wato su rubuta yadda hatsarin ya faru, sai a ce haba Alhaji ba ka da tausai, talaka za ka kai kwamisariya? Ran nan a unguwar Zariya akuya ce ta faɗo gudron, mai ita ya rantse tana da cikin 'yan biyu, kuɗin ukku na biya, akuyar kuwa ta tashi ta kakkaɓe jiki ta ci gaba da cin kwalinta a gabana.