Zanin da na ƙulle a baƙar leda

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Tun jiya da yamma zuciyata ta ƙi kwanciya, shi ya sa na ce bari in faɗa a nan, ko wani zai kauce wa ramin da na faɗa.

An yi sanarwa a coci cewa Zumuntar Mata za ta tara kaya domin gwauraye da marayu kafin Kirsimeti. Da na koma gida na buɗe akwati, hannuna ya tsallake atamfofin da ke sama, ya nutsa can ƙasa ya zaro wani zani da ya koɗe, bakinsa ya fara zarewa, ga tabon manja da wanki ya kasa fitarwa. Na haɗa da takalmin da maɗaurinsa ya tsinke, na ƙulle a baƙar leda. Da gangan na zaɓi baƙa, don kada a ga abin da ke ciki.

Ina isa wurin tarawa sai ga wata mama, ita ma mijinta ya daɗe da rasuwa, ƙosai take soyawa a bakin hanya. Ta fito da turmin atamfa sabo fil, ko takardar jikinsa ba a ɓare ba. Wata ta ce mata, "Haba Mama, ai ke ya kamata a ba." Ta ce 'yarta ce ta aiko mata domin ɗinkin Kirsimeti, amma na bara yana nan bai tsufa ba, akwai waɗanda ko na bara ba su da shi. Ta ajiye ta yi tafiyarta, wai ta bar wake a jiƙe.

Ni kuwa ledata tana hannuna. Na kasa ajiyewa.

Abin da ya fi cin raina shi ne, cikin watan nan aka yi bikin 'yar shugabanmu a wurin aiki, har bashi na ci na sayi manyan kuloli na kai. Gidan da ba su rasa komai ba, na je na ƙara wa Barno dawaki. Don me? Don za a rubuta sunana a littafin gudummawa, don na san ranar nawa bikin za a rama mini. Wannan ba kyauta ba ce 'yan'uwa, adashi ne. Ubangiji Yesu ya faɗa ƙarara a Luka 14 cewa in za mu yi biki mu kira matalauta da guragu da makafi, domin su ba su da abin sāka mana. Mu kuwa mun juya maganar: mai kyau ga wanda zai rama, tsumma ga wanda ba zai iya ba.

Ku buɗe Malakai sura 1. Mutane suna kawo makauniyar dabba da gurguwa da marar lafiya bisa bagade, Allah ya ce su gwada kai wa gwamnansu irinta su ga ko zai karɓa. 'Yar'uwa, zanin nan da kika ware, za ki iya miƙa wa matar fasto? Za ki iya kai wa uwar mijinki? To me ya sa ya dace da gwauruwa? Ai wanda ya ce abin da muka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa shi muka yi wa, shi ne mai karɓar ledar nan.

Sarki Dawuda ya samu masussuka da shanun hadaya kyauta daga hannun Arauna, ya ƙi. Ya ce ba zai miƙa wa Ubangiji abin da bai ci masa komai ba, ya biya shekel 50 na azurfa. Maryamu ta Betanya ta tsiyaye man nardi a ƙafafun Yesu, wanda aka ƙiyasta kuɗinsa dinari 300, kusan ladan ɗan ƙodago na shekara guda. Mu kuma sharar ɗaki muke yi mu sa mata suna alheri.

Akwai kuma wani gefen da ba ma so a taɓa. Ko mun ba da mai kyau, sau nawa muke tambaya? Mun kai wa mace shinkafa alhali an koro yaranta daga makaranta saboda kuɗi. Mun kai wa tsoho sabuwar riga, shi kuwa maganin hawan jininsa ya ƙare tun makon jiya. Ba mu zauna ba, ba mu sha ruwan gidan ba, ba mu ji ta bakinsu ba. Yesu da kansa sai da ya tambayi makaho Bartimawas abin da yake so a yi masa. Ƙauna tana zama ta saurara. Sai kuma hoto! A tsayar da uwa da buhu a gabanta, kanta a sunkuye, a ɗauka a watsa a Facebook. Kun taɓa tunanin yadda ɗanta zai ji in abokansa sun gani? Shinkafar za ta ƙare cikin mako biyu, hoton yana nan. Ina maganar Yesu ta tafi, cewa in za mu ba da sadaka kada hannun hagu ya san abin da hannun dama yake yi?

Ba na cewa kaya na hannu haram ne, a'a. Akwai rigar da yaronka ya fi ƙarfinta amma tana nan garau, wanke ta, goge ta, naɗe ta da mutunci ka kai. Tsumman da ko kai ba za ka fita da shi ba nake magana.

Iyayenmu maza, har da ku. Buhun masarar da ƙwari suka huda shi kuke warewa ranar godiya, mai kyau yana rumbu yana jiran farashi ya tashi. Ku ji tsoron Allah.

Na dawo da ledata gida jiya. Na sake buɗe akwatin, wannan karon daga sama na ɗauka, kuma ba zan ɓoye muku ba, sai da na ji zafinsa. Za a ci gaba da tarawa har Lahadi mai zuwa. Don Allah 'yar'uwa, kafin ki ƙulle ledar, ki ɗaga zanin a hasken rana ki duba shi da kyau. Don Allah ki duba.