Wanda Ya Auna Ruwa Shi Ya Raba Wa Halittu Mazauni

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

'Yan uwa, Allah Maɗaukakin Sarki Yana cewa a Suratul Mu'minun, aya ta 18: "Kuma Mun saukar da ruwa daga sama bisa gwargwado, sai Muka zaunar da shi a cikin ƙasa, kuma lalle Mu masu iko ne a kan tafiyar da shi." Wannan awo da Allah Ya yi wa ruwa, tare da zafi da sanyin da Ya raba wa sassan duniya, shi ke yanke abin da zai tsiro a kowane wuri da abin da zai rayu a cikinsa.

Inda ruwan sama bai kai milimita 250 a shekara ba, malaman kimiyya suna kiran wurin hamada. A dajin Amazon na Kudancin Amurka kuwa, yakan haura milimita 2,000, shi ya sa itatuwa suka yi cunkus har hasken rana da ƙyar yake taɓa ƙasa. Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya ma ya ishi mai hankali wa'azi. Tsayinsa mita 5,895. Mai hawansa zai baro gonaki da ciyayi a gindi, ya ratsa kurmi mai danshi, ya fito fili mai gajerun tsirrai, ya shiga tsandauri mai duwatsu, a ƙarshe ya taka ƙanƙara. Dutse ɗaya ne, amma da yake iska tana ƙara sanyi gwargwadon hawa, kowane mataki da mazaunansa.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne Allah bai ajiye wata halitta a wuri Ya bar ta haka nan ba. Ya ce mu dubi raƙumi yadda aka halitta shi. Tozonsa kitse ne, guzurin ranar da babu kiwo. Yana iya toshe hancinsa idan guguwar yashi ta taso, jikinsa kuma yana tattalin ruwa har kashinsa a bushe yake fita, in ya samu ruwa ya sha kusan lita 100 a tsayuwa ɗaya. Kuka tana tara ruwa a cikin gangar jikinta, ta kakkaɓe ganye da rani don kada ya salwanta. Gawo shi kuma ya saɓa wa sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar, domin saiwarsa ta nutsa ta kai ga ruwan ƙarƙashin ƙasa. A lokacin da daji ya bushe ƙurmus, dabbobi a ƙarƙashinsa suke samun inuwa da abin ci.

Ku tsaya ku dubi gaiwa. Kifi ce, amma Allah Ya ba ta huhu. Idan tafki ya fara ƙafewa sai ta nutsa cikin laka, ta naɗe jikinta, ta fitar da yauƙi ya bushe a kanta ya zama rufi, ta bar 'yar kafa ɗaya ta numfashi. A haka za ta kwanta wata da watanni, ƙasa ta tsattsage a samanta, ana takawa ana wucewa ba a san da rai a wurin ba. Ranar da ruwa ya sauka ya jiƙa lakar, sai ta motsa ta fito. Subhanallah! Wa ya koya mata? Shi ne Wanda Ya ce a Suratu Hud babu wata dabba a bayan ƙasa face arzikinta yana gare Shi, kuma Ya san matabbatarta da ma'ajiyarta.

To, ɗan'uwa, a nan nasihata take. Tunda kowace halitta an daidaita ta da ruwan wurinta, duk wanda ya taɓa ruwan ya taɓa gidanta. Wani lokaci jarrabawa ce daga Allah, kamar farin shekarun 1970 da 1980 da ya janye Tafkin Chadi daga faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000 ya koma ɗan kaɗan. Wani lokaci kuwa hannunmu ne ƙarara. Tekun Aral, tsakanin Kazakistan da Uzbekistan, ya taɓa zama tafki na huɗu mafi girma a duniya. Daga shekarun 1960 hukumomin Tarayyar Sobiyet suka karkatar da kogunan Amu Darya da Sir Darya zuwa gonakin auduga. Ruwa ya ja baya, gishiri ya yi yawa, kifaye suka ƙare, masunta suka rasa sana'a. Yau a garin Moynak na Uzbekistan, wanda a da yake bakin tekun, jiragen kamun kifi suna nan zube a kan yashi sun yi tsatsa. Wannan ita ce ɓarnar da Suratur Rum ta ce ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata.

Kada mu ce wannan laifin gwamnatoci ne kawai. Mai sare itace ba ya dasa wani, mai zuba guba a ruwa don ya kwashi kifi, mai juye shara da baƙin mai a rafi, mai banka wa daji wuta don neman ɗan nama, kowa zai amsa tambaya a kan nasa. Suratul An'am ta gaya mana dabbobi da tsuntsaye al'ummu ne kamarmu. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Allah Ya gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, kuma Musulmin da ya dasa itace, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, sadaka ce a gare shi. In shayar da kare ɗaya ya jawo gafara, mu ji tsoron Allah a kan gurɓata mashayar dubbai.

Ko a roƙon ruwa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai manta da su ba. Abu Dawud ya ruwaito yana cewa, mu ma mu ce: Ya Allah Ka shayar da bayinKa da dabbobinKa, Ka watsa rahamarKa, Ka rayar da ƙasarKa matacciya. Amin.