Alƙaluman tsoratarwa a talla, togaciya a cikin takardar inshora

Akwai wani adadi da ya daɗe yana yawo a tallace-tallacen inshorar harkokin fasaha, wai kashi 60 cikin ɗari na ƙananan kamfanonin da aka yi wa kutse a kwamfutocinsu suna rufewa cikin wata shida. An yi ta jingina shi ga ƙungiyar National Cyber Security Alliance ta Amurka, har ita kanta ta fito ta bayyana cewa ba daga bincikenta ya fito ba, kuma ta kasa tabbatar da asalinsa. Duk da haka bai daina fitowa a shafukan dillalai ba, wannan ya kwafo daga wancan, domin adadi ne da ke sa mai ƙaramin jari ya firgita ya zaro kuɗi. Ko adadin da ke da tushe ma ana karkatar da shi. Rahoton IBM na 2024 ya ce matsakaiciyar asarar satar bayanai ta kai dala miliyan 4.88, amma daga kamfanoni da hukumomi kusan 600 aka tattaro shi, don haka nuna wa mai ma'aikata goma wannan lissafi a matsayin abin da ke jiransa rashin gaskiya ne.

Abin da ya fi damuna shi ne, lissafin da mai saye yake matuƙar buƙata ba ya shiga talla, wato abin da kamfanin inshora zai ƙi biya ranar da tsautsayi ya auku. A watan Yunin 2017 mugunyar manhajar NotPetya ta lalata wa kamfanin magunguna na Merck kwamfutoci kusan 40,000, ya ƙiyasta asararsa a dala biliyan 1.4. Da ya nemi diyya ƙarƙashin inshorar dukiyarsa, sai masu inshorar suka kafa hujja da sharaɗin da ya keɓe asarar yaƙi, tunda Amurka da Birtaniya sun ɗora alhakin harin a kan sojojin Rasha. Kotunan jihar New Jersey sun ba Merck gaskiya, amma sai a Janairun 2024 aka sasanta, bayan sama da shekara shida da faruwar abin. Merck na da lauyoyi da ƙarfin aljihun jira, alhali ƙaramin kamfanin da ke rubuta wa mutane manhaja ba zai kai ko rabin wannan tafiya ba. Kasuwar inshora ta Lloyd's da ke Landan kuwa ta umarci masu inshorarta su rubuta togaciyar manyan hare-haren da gwamnatoci ke mara wa baya ƙarara, daga ƙarshen Maris na 2023.

Haka aka gani ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da kuskuren sabunta manhajar kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tsayar da na'urori kusan miliyan 8.5. Babu ɗan kutse ko ɗaya a lamarin, kuma yarjejeniyoyi da dama ba sa fara biyan asarar tsayawar aiki sai an shafe wasu sa'o'i da aka ƙayyade. Kamfanin inshora na Parametrix ya ƙiyasta cewa kashi 10 zuwa 20 kacal na asarar manyan kamfanonin Amurka 500 inshora za ta ɗauka.

Ina ganin wajibi ne duk dillalin da ya ambaci adadi ya faɗi wanda ya ƙirga, da shekarar, da irin kamfanonin da aka ƙirga, sannan ya ajiye shafin togaciya gaban mai saye kafin a zo maganar farashi. Masu inshora ba sa yi wa abokin hulɗa uzuri a kan kalma guda. A 2022 kamfanin inshora na Travelers ya kai wani kamfanin haɗa kayan lantarki na jihar Illinois kotu, saboda kamfanin na Illinois ya rubuta a takardar neman inshora cewa yana amfani da tantancewa mai matakai da yawa (wato neman ƙarin shaida bayan kalmar sirri) wajen shiga na'urorinsa, alhali ba ko'ina ya sanya ta ba, kuma a ƙarshe aka soke yarjejeniyar gaba ɗaya bayan an riga an yi masa kutse.