Dogon Turancinmu da gajeren Turancin Ingila

Zaman da nake yi a Ingila ya sa na ƙara yarda cewa Turancin da aka koya mana a sakandare a Najeriya ya fi karkata ga burge mai sauraro fiye da isar masa da saƙo. A ranar muhawara, wanda ya fi kowa zuba manyan kalmomi shi ake yi wa tafi, ko da rabin zauren bai gane abin da ya faɗa ba. Ɗalibi kuwa yana lura da abin da ake yabo, shi ya sa yake cika littafinsa da jerin kalmomin kamus da salon maganar Turawa, ya haddace su yana jiran ranar da zai juye.

Ban ga laifin malamai sosai ba, domin jarrabawar ce ke jan ragamar. A takardar Turanci ta WAEC ana son insha'i na kalmomi kamar 450, kuma sau da yawa cikin zaɓin akwai ƙirƙiro labarin da zai fito da ma'anar wani karin magana na Turanci. A ɓangaren canki-canka ma ana kawo salon magana a ce ka zaɓi ma'anarsa. Malamin da ke son yaransa su ci dole ya ba su hadda.

A nan kuwa da wuya ka ji yawancin waɗannan salon maganar a bakin mutane. Wanda ake cewa sama na zubo da karnuka da kuliyoyi, wato ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kusan kowane ɗalibinmu ya san shi, amma ɗan Ingila na yau in ya faɗe shi, galibi da zolaya ne. Abin da ke kayar da baƙo ƙananan kalmomi ne. Aikatau irin su "get", "put" da "take" suna haɗuwa da "up" ko "off" ko "over", ma'ana ta sauya gaba ɗaya, kuma da su ake magana a ofis, a asibiti, a waya. Sai kuma sanin wace kalma ce ke tafiya da wace, abin da ba ya samuwa a jerin da aka haddace. Sai an yi ta karatu da sauraro kunne yake sabawa.

Su kansu Turawan sun daɗe suna yaƙi da dogon Turanci. Marubuci George Orwell, a maƙalarsa ta 1946 kan siyasa da harshen Ingilishi, ya ba da shawarar kada a sa doguwar kalma inda gajera za ta wadatar. An kafa ƙungiyar Plain English Campaign a 1979 don matsa wa hukumomi su riƙa rubuta abin da talaka zai gane. Amurka ma ta yi doka a kan haka a 2010.

Ba wai yawan kalmomi ba shi da amfani ba ne. Paul Nation, masani a New Zealand, ya ƙiyasta cewa mai son karanta jarida ko littafin labari ba tare da ya riƙa leƙa kamus ba yana buƙatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000, wato kowace kalma haɗe da rassan da ke fitowa daga gare ta. Amma da tsari ake bi: a fara da waɗanda suka fi yawan fitowa, sannan mai shirin jami'a ya ƙara da jerin da masaniya Averil Coxhead ta fitar a 2000, mai ɗauke da dangin kalmomi 570 da ke yawo a rubutun ilimi. Mu kuwa mukan tsallake zuwa kalmar da ba a gani sai shekara-shekara, don ita ce ke sa a ce wane ya iya.

Inda tazarar ta fi faɗi shi ne rubutun insha'i. An saba mana da doguwar shimfiɗa, a yi ta kewaye-kewaye kafin a zo ga batu. Malamin jami'a a nan yana son ya ga matsayarka tun a sakin layi na farko, kowane sakin layi ya ɗauki hujja ɗaya, kuma ka nuna daga wa ka ɗauko ta. Jimlar wani da ka haddace ka zuba ba tare da ambaton mai ita ba, satar fasaha ce a wurinsu, ana ma bin aikin ɗalibai da manhaja irin Turnitin. A IELTS, jarrabawar gwada Turancin masu neman karatu ko aiki a ƙasashen waje, aiki na biyu na rubutu kalmomi 250 ne aƙalla cikin kimanin minti 40, kuma kalmomi kashi ɗaya ne kawai cikin ma'auni huɗu. Sauran su ne amsa tambayar, haɗuwar zance da nahawu. Salon maganar da aka cusa inda bai dace ba maki yake ragewa.

Sai dai a faɗi gaskiya, akwai abin da muka fi su. Wanda ya yi makaranta mai kyau a Najeriya yakan iya rarrabe sassan jimla ya faɗi sunan kowanne, abin da ɗaliban nan da yawa, duk da harshensu ne, ba su iya bayaninsa ba. Wannan tushe ne da ba zan so a rushe ba. Da za a rage awa ɗaya daga haddar salon magana a kowane mako, a ba ɗalibi batu ya kare shi da hujja a sakin layi uku, malami kuma ya ja layi ƙarƙashin duk jimlar da ba ta ƙara komai ba, da ɗalibanmu da ke zuwa digiri na biyu ba su ɓata zangon farko suna koyon abin da ya kamata a ce sun iya tun aji biyar na sakandare ba.