Galadima Mai Ƙwai Huɗu

A majalisarmu ta masu kiwon tantabara a Yelwa, nan Garwa, mu 17 ne, amma 14 masu sarauta ne. Akwai Sarkin Tantabara, Waziri, Kaigama, har da Sarkin Yaƙi, wanda abokin gabarsa ɗaya ne, muzurun maƙwabta, kuma kullum muzurun ke cin galaba. Fadar Lamiɗo muka kwaikwaya, sai dai tamu fadar tabarma biyu ce a gindin dalbejiya.

Shekara biyu ina cikin talakawa ukun nan. Shayin farko, mai ɗaci, na masu sarauta ne. Mu sai na uku, ruwan zafi da sukari. Da Galadima ya koma Ngaundere da aiki, ban yi sanya ba. Na sayo tsiren jaka 5, aka naɗa min rawanin aro. Da shi na hau mashin zuwa gida cikin zafin Afrilu, wanda a Garwa yakan haura digiri 40, gumi har cikin kunne, amma ban yarda na kwance ba sai da uwargida ta gani.

To, Galadima ai ba ya zama da tantabarun gargajiya. Na je kasuwa na zaɓo farare biyu masu wutsiya kamar ta ɗawisu, jaka 12. Ban nemi shawarar kowa ba. Wa Galadima zai tambaya?

Kafin wata ya cika na leƙa akurki, sai ga ƙwai huɗu. Huɗu! Kowa ya san tantabara biyu take sakawa. Ko takalmi ban ɗaura daidai ba na isa majalisa da albishir. Waziri ya dubi Kaigama, Kaigama ya dubi ƙasa, sannan Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, albarkar sarauta ce." Yanzu na gane dariya suke haɗiyewa, a lokacin kuwa na ɗauka hassada ce.

Kwana 18 ake ƙyanƙyasa. Har na yi wa surukina alkawarin 'yan shila biyu. Kwana 18 suka wuce, 25 suka wuce, shiru. Na ƙara gero, na jiƙa kanwa, na tofa abin da ya sawwaƙa.

Akwai wani yaro ɗan sakandare da ke hura mana gawayin shayi, shi ko a cikin talakawa ba ma ƙirga shi. Ya biyo ni gida, ya haska ƙwan da fitilar waya ɗaya bayan ɗaya. Fes, babu ko jijiya.

"Baba, ka taɓa jin wata a cikinsu tana guɗa, tana kumbura wuya tana juyi?"

"Masu natsuwa ne," na ce.

"Da dare wa ke kwanci?"

"Dukansu, don haɗin kai."

Ya sosa ƙeya. Namiji, in ji shi, da rana yake karɓar kwanci, mace ta kwana a kai. "Baba Galadima, ka yi haƙuri, duk mata ne."

Daga madafa uwargida ta ce, "Maigida, wata guda kenan kana ciyar da kishiyoyi ba miji?"

Washegari ina isowa majalisa aka ɗauki kirari: "Gyara kintsi, Galadima mai ƙwai huɗu!" Na ce na yi murabus. Sarki ya ce murabus ma tsiren jaka 5 ne. Na zauna. Aka yi wa yaron tayin Ciroma, ya ce shi kuɗin makaranta yake tarawa.

Ya dai tausaya min, ya ara min namiji ɗaya, ya ce in kulle shi mako biyu. Na ga ya saba, na buɗe shi rana ta uku. Ya zaga gidana sau ɗaya ya miƙe gidan ubangidansa, ɗaya daga cikin fararen nawa na biye da shi.